Bindiga a Ƙarƙashin Riga Ba Za Ta Tsare Wudil Ba

Duk wanda ya san Karar Wudil ranar Juma'a ya san irin dukiyar da ke sauya hannu tsakanin hantsi da la'asar. Shanu na shigowa daga gabas da arewa, tireloli na lodi zuwa Kudu, dillalai da fatake na ƙulla cinikin miliyoyi da musafaha da "Allah ya sa albarka". Da yamma kowa zai kama hanyarsa, wani Gaya, wani Garko ko Sumaila, wani ya haye gada ya miƙi titin Kano. A 'yan shekarun nan wata magana ta shiga bakin masu wannan zirga-zirga, wadda a da ko da raɗa ba a yin ta: anya lokaci bai yi ba da mutum zai nemi 'yar ƙaramar bindiga ya soke a ƙugu, ya saki riga a kai? Samari masu kallon bidiyon Amurkawa a waya sun ƙara wa zancen armashi. Suna ganin yadda mutum ke sayen sassan fistol ya harhaɗa a ɗakinsa, ya shiga kasuwa da ita ba wanda ya sani, sai su ce mu ma ai muna da maƙera.

Ba na raina tsoron da ya haifi wannan magana, kuma ba talaka ne ya fara ta ba. A watan Maris na 2018 Janar T. Y. Danjuma ya tsaya a Jalingo ya ce wa jama'a su tashi su kare kansu. A watan Agusta na 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya ce wa Katsinawa su nemi makami. A watan Yuni na 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta wuce nan, ta ba da sanarwar za ta raba fom ɗari biyar-biyar ga masarautun Zamfara 19 domin masu son lasisin bindiga. A 2024 Sanata Ned Nwoko ya fito da ƙudurin ba farar hula damar riƙe makami. A 2025 kuma 'yan bindiga suka riƙa tsallakowa daga Katsina suna taɓa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, wato wutar ta shigo jihar Kano. Idan wanda aka ɗora wa nauyin tsare ka ya ce maka ka ji da kanka, ba ka da laifi idan ka fara lissafi. Amma ina da yaƙinin cewa ƙaramar bindigar da ake ɓoyewa a jiki ita ce mafi munin amsar da mutumin Wudil zai ba wannan tambaya, kuma ina so in faɗi dalili dalla-dalla, domin maganar ta rai ce.

Mu fara da doka, tunda da yawa daga masu wannan zance ba su san inda suka taka ba. Dokar bindigogi ta Nijeriya tun 1959 take, kuma ta kasa makamai kashi uku. Kashin ƙarshe shi ne bindigogin da ake ɗura wa albarushi ta baki, irin bindigar toka ta mafarauta, waɗanda lasisinsu ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Na tsakiya shi ne bindigogin farauta na zamani, irin mai baki biyu, waɗanda Sufeto Janar ke ba da izininsu. Kashin farko kuwa shi ne na haramtattun makamai, kuma a nan ne dokar ta ajiye fistol da libarba, layi ɗaya da bindiga mai sarrafa kanta da bindigar soja. Babu mai ba da lasisinsu sai Shugaban Ƙasa. Wanda aka kama da ɗaya ba izini, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, haka ma wanda ya ƙera. Dokar fashi da makami ta 1984 ta sake nanata irin wannan hukunci a kan mallakar bindiga ba bisa ƙa'ida ba. Tsarin mulki kuma ya sa sha'anin makamai cikin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke da iko a kai. Shi ya sa da Zamfara ta yi sanarwarta, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi, 'yan sanda kuma suka ce an dakatar da ba da lasisi. Gwamna zai iya faɗin abin da ya ga dama a gaban makirufo, amma ranar da aka tsayar da kai a shingen bincike aka laluba ƙugunka, kai za ka kwana a bayan kanta, ba shi ba.

Wani zai ce doka ai mutane ke yin ta, a canza ta mana. Haka ne, ana iya canzawa. To mu duba ƙasar da ake kwaikwayo.

Fistol ɗin da masu sha'awar nan suka fi yabo ita ce wadda John Browning ya zana, kamfanin Colt ya ƙera, sojan Amurka ya karɓe ta a 1911, ta zauna a hannunsa har 1985 lokacin da aka maye gurbinta da Beretta. Harsashi bakwai take ɗauka a gidanta na asali. Har yau akwai Amurkawan da ke kashe kuɗi masu yawa a gyara musu ita, wasu su harhaɗa tasu, domin dokar tarayyarsu ba ta hana mutum yin bindiga don amfanin kansa ba. Haƙƙin riƙe makami yana cikin tsarin mulkinsu tun 1791, a watan Yuni na 2022 kuma kotun ƙolinsu ta tabbatar da cewa haƙƙin ya haɗa da fita da ita bainar jama'a. Fiye da rabin jihohinsu yanzu ba sa ma neman takardar izini kafin mutum ya ɓoye bindiga a jikinsa. Abin da mai ɗaukar bidiyo ba ya nunawa shi ne kuɗin da ƙasar ke biya. Ƙididdigar cibiyar binciken ƙananan makamai da ke Janiba ta nuna a 2017 akwai bindigogi kusan miliyan 393 a hannun farar hula a Amurka, sun fi mutanen ƙasar yawa. A 2021 mutum 48,830 ne harsashi ya kashe a can, kuma fiye da rabinsu su ne suka harbe kansu. Masanansu sun daɗe suna jayayya a kan ko ɓoye bindiga na rage laifi: John Lott ya ce tana ragewa, John Donohue na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa suka bi diddigin jihohin da suka sassauta doka, suka tarar laifukan zubar da jini sun ƙaru da kashi 13 zuwa 15 cikin ɗari bayan shekara goma. Wannan fa a ƙasar da ke da rajistar masu laifi, da ɗakunan gwajin harsashi, da motar asibiti mai zuwa cikin mintuna, da likitocin da suka ƙware a ciro harsashi. Mu da wanda aka harba a Indabo ko Lajawa sai an nemi mota an kawo shi babban asibitin Wudil, in abin ya yi tsanani a wuce da shi Kano, me muke da shi da zai ɗauki rabin wannan nauyi?

Sannan a tambayi kai: wane abokin gaba ne fistol za ta tare? Ɗan bindigar daji ba shi kaɗai yake zuwa ba. Da dare suke zuwa, gommai, goye da juna a kan babura, da AK-47 mai gidan harsashi 30 wadda ke cin mutum daga nisan mita 300. Fistol kuwa ko a hannun ƙwararre mita 50 ce iyakarta, a hannun wanda bai saba ba kuma, cikin duhu, jiki na rawa, ko taku goma sai an yi sa'a. Wanda ya fito da ita a gaban irin waɗannan bai kare iyalinsa ba, ya dai ba su dalilin buɗe wuta kan mai uwa da wabi. Ɗan fashin hanya ma shi ke zaɓen wuri da lokaci. Kafin Alhaji ya ɗaga babbar riga da 'yar ciki ya kai hannu ƙugu, bakin bindiga ya riga ya taɓa gilashin motarsa. In kuma aka caje shi aka same ta, ɗayan biyu ne: ko su kashe shi don sun ɗauke shi jami'in tsaro, ko su ƙwace ta, ya zama ya ƙara musu makami da kuɗinsa. Ba na musun cewa wata rana wani zai tsira saboda ita. Ana samun haka. Amma ba a gina doka a kan wanda ya yi sa'a, ana gina ta ne a kan abin da zai faru idan mutum dubu suka yi abu ɗaya.

Abin da zai faru kuwa ba ɓoyayye ba ne, domin mun san irin rigingimunmu. Bindigar da ke jikin mutum kullum ba ranar fashi kawai take jikinsa ba. Tana nan ranar da dillali ya cinye masa la'ada. Tana nan ranar da ɗan'uwansa ya matsar da iyakar gona taku biyu, da ranar da shanu suka shiga shuka, da ranar da direba ya goge masa mota a bakin gada ya kuma zage shi a gaban jama'a. Tana nan ranar zaɓe a bakin akwati. Tana ƙarƙashin matashi daren da ya yi faɗa da matarsa, tana cikin aljihun rigar da ya rataye lokacin da ɗansa mai shekara bakwai ke neman canji. Fashi zai iya samun mutum sau ɗaya a rayuwa ko ma bai same shi ba, fushi kuwa abokin kowace rana ne. A yanzu yawancin faɗanmu na ƙarewa da cacar baki, ko mari, ko sanda, dattawa su shiga tsakani, gobe a haɗu a sahu ɗaya. Harsashi ba ya barin wurin sulhu. A birnin Kano muna ganin abin da wuƙa da barandami ke yi a hannun 'yan daba da masu ƙwacen waya. Duk fistol ɗin da ta shigo gari da sunan mutumin kirki, to ta kama hanyar zuwa hannun waɗannan yara, ta sata, ko ta aro, ko ta ɗan gida da ya lalace.

Akwai wata ɓarnar da ta fi wannan zurfi, ita ce ta ɓoyewar kanta. Kasuwa irin ta Wudil a kan amana take tsaye. Bafulatani ya bar garkensa hannun dillali ya tafi salla. Baƙo daga Kudu ya kwana gidan fatoma da kuɗinsa. Ana ja-in-ja a kan farashi, a ɗaga murya, a yi rantsuwa, a tashi a dawo, domin kowa ya san iyakar abin ke nan. Ranar da ya zama kowane mai babbar riga ana zaton akwai ƙarfe a ƙarƙashinta, wannan sakin jiki ya tafi. Wanda ba ya so ma zai nemi tasa don kada a bar shi a baya, kuma mai tsoro shi ke riga kai hannu. A al'adarmu makami a fili yake, kuma yana da ma'abota. Maharbi da bindigarsa a kafaɗa kowa ya san shi, ya san Sarkin Bakan da yake ƙarƙashinsa. 'Yan bindigar Sarki da ke barin wuta a Hawan Daushe an san gidajensu. Makiyayi da sandarsa da addarsa ba ya ɓoye su. Mai ɓoye makami a cikin jama'a, tun kaka da kakanni, ba a yi masa kyakkyawan zato.

Masu goyon bayan riƙe bindiga sukan kawo hujjar addini, cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa ko iyalinsa ya yi shahada. Wannan ingantacce ne, kuma dokar ƙasa ma ta yarda da kare kai, a tsarin mulki da kundin hukunta laifuka na Arewa. Amma littattafan hadisin da suka kawo wannan su ne suka kawo umarnin cewa mai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani ciwo, da hanin nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa. Malamanmu sun san ƙa'idar cewa kawar da ɓarna na gaba da janyo amfani. Halaccin kare kai idan an afka maka abu ne daban, yawo da ajali a aljihu cikin taron Juma'a kuma abu ne daban. Ina roƙon malamai masu hawa mumbari su bambance wa jama'a waɗannan biyun, domin ana cakuɗa su.

Sai batun ƙira, wanda a ganina shi ne ya fi yaudarar samari. Gaskiya ne bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tarihin sarakunan Kano ya nuna ta shigo daga Nupe a zamanin Sarki Kumbari, tsakanin 1731 da 1743, kuma Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga a fada. A Damagaram, Sarki Tanimu ya sa an zuba igwa an haɗa albarushi a Zinder a ƙarni na 19. Turawa ne da yarjejeniyar Burasal ta 1890 suka taƙaita shigo da bindigogin zamani nahiyarmu, suka bar mu da ta toka, sannan suka zo da tasu suka ci Kano a 1903. Don haka maƙerinmu yana da gado, kuma hannunsa ba abin rainawa ba ne. Shi ke gyara wa maharbi bindigarsa shekara da shekaru. Amma bindigar toka da fistol mai ɗura kanta ba dangi ba ne. Ta biyun aikin injin awo ce, da ƙarfe na musamman, da gwajin da ke tabbatar da za ta jure ƙarfin harsashin zamani. A Ingila tun 1813 aka kafa gidan gwajin bindigogi a Bamingam, inda ake jarraba kowace bindiga a buga mata hatimi kafin a sayar, domin sun ga yadda marasa inganci ke fashewa a hannun masu su. Abin da ake yi a ɓoye a bayan gari ba ya ganin gwaji. Yakan ƙi tashi lokacin da ake buƙatarsa, yakan tashi lokacin da ba a taɓa shi ba, yakan tarwatse ya tafi da yatsu ko ido. Wanda ya soke irin wannan a ƙugu, bakinta na kallon cinyarsa, ya hau babur a hanya mai gargada, da ransa yake wasa.

Kuma mu faɗa wa juna gaskiya a kan masu saye. Duk sanda 'yan sanda suka yi holin waɗanda suka kama, ƙananan bindigogi ƙirar gida na cikin abin da ake bajewa a ƙasa, gefe da wayoyin sata da ƙwayoyi. Maƙerin da ya yi wa Alhaji guda ɗaya don kare kai ba zai rufe maƙera ba idan wani ya zo gobe da kuɗi. Ba shi da rajista, ba shi da lamba, ba shi da hanyar sanin wa ya saya. Dokar 1959 ta buɗe ƙofar ba da izinin ƙera da gyaran bindigar toka, amma ba ta buɗe ta ga fistol ba. Mai sana'ar da ya tsallake wannan layi ya sayar da shekara goma na rayuwarsa, da mutuncin gidan da ya gada, a kan kuɗin da ba zai kai shi ko'ina ba.

Mu Kanawa muna da wani raunin da bai warke ba, wanda ya kamata ya sa mu yi tunani sau biyu. Ranar 27 ga Maris 2025, ana cikin azumi, 'yan sintiri a garin Uromi na jihar Edo suka tsayar da motar da ta ɗauko mafarauta 'yan Arewa masu dawowa gida Salla. Aka ga bindigogin farauta, aka yi musu ihun masu satar mutane, aka kashe 16 kisan gilla. Da yawansu 'yan Torankawa ne a ƙaramar hukumar Bunkure, nan kusa da mu. Ba su da laifi, kuma babu abin da zai wanke waɗanda suka kashe su. Amma a dubi abin da ya faru da kyau: bindigogi ne na halal, na sana'a, irin waɗanda doka ta sani, duk da haka ganinsu kawai ya isa tayar da gari, domin ƙasa ce da tsoro ya cika ta, kuma babu wata shaidar lasisi da kowa ya yarda da ita wadda za a duba nan take. Mutanen Wudil matafiya ne. Su ke raka shanu Legas da Fatakwal da Anaca. Ranar da aka ciro fistol daga ƙarƙashin rigar ɗan Arewa ɗaya a irin wannan shinge, ba shi kaɗai zai biya ba, duk 'yan motar ne, da masu faci da masu shayi da ke zaune a garin.

Zamfara kuma ta riga ta gwada mana hanyar kowa ya ji da kansa. Lokacin da satar shanu ta yi ƙamari aka kafa 'yan sa-kai, da niyyar kirki a farko. Ba a daɗe ba suka fara yanke hukunci a kasuwanni, suna kashe wanda suke zargi ba shari'a, waɗanda aka kashe wa 'yan'uwa suka shiga daji suka nemo makamin da ya fi nasu. A watan Afrilu na 2014 aka afka wa taron 'yan sintiri a 'Yar Galadima cikin ƙaramar hukumar Maru, aka kashe fiye da mutum ɗari. Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya shiga dazukan ya zanta da 'yan bindigar, ya nuna yadda ramuwar gayya ta hura wannan wuta. Gwamnatin da ta ce a ɗauki bindiga a 2022 ita ce da kanta ta taɓa haramta 'yan sa-kai. Wudil gari ne da Bahaushe da Bafulatani suke cin arziki da juna a kara ɗaya, suna auratayya. Abin da muke da shi ke nan da Zamfara ta rasa, kuma bindiga marar mai tsawata mata ce ta raba su da shi.

To in ba fistol ba, me? Nan ne nake juyawa ga hukuma, kuma ba zan sassauta ba, domin ita ta jefa mutane cikin wannan tunani. A Wudil ɗin nan Makarantar Horar da Manyan Jami'an 'Yan Sanda take, wadda aka kafa a 1988, daga baya ta samu matsayin jami'a. Shekara biyar matashi ke yi a ciki kafin a sa masa anini a kafaɗa a amince masa ya riƙe makami da sunan ƙasa. Wannan kaɗai ya isa nuna cewa riƙe bindiga ba abin da ake koya daga bidiyo ba ne. Amma rundunar da ke yaye waɗannan matasa ita ce rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na 2019 ya ce ta kasa ba da bayanin makamai 178,459, ciki har da AK-47 guda 88,078. A 2017 kwastan ta kama bindigogi 2,671 a Legas cikin kamu huɗu. A watan Yuli na 2024 ta sanar da kama wasu 844 da harsashi 112,500 a tashar ruwa ta Onne. Waɗannan su ne aka gani. Janar Abdulsalami Abubakar ya ce a 2021 akwai makamai kusan miliyan shida a hannun farar hula a ƙasar nan. Matsalarmu ba ƙarancin bindiga ba ce. Ta yi yawa, kuma wani kaso nata daga rumbun gwamnati ya fito. An kafa cibiyar taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai a 2021, an ba ta doka a 2024. Muna jiran ranar da za a gurfanar da babban jami'i a kan bindigar da ta ɓace a hannunsa, ba maƙerin ƙauye kaɗai ba.

Dakatar da ba da lasisi gaba ɗaya ma kuskure ne. Ya mayar da maharbi na gaskiya mai laifi, bai hana ɗan ta'adda komai ba. A sake buɗe rajistar bindigogin farauta, a yi ta ta hannun dagatai da Sarakunan Baka waɗanda suka san kowa, a buga wa kowace bindiga lamba, a ba mai ita kati mai hoto da ɗan sandan Edo zai iya tantancewa a wayarsa kamar yadda ake tantance lambar ɗan ƙasa. A yi wa maƙera masu gyaran bindigar toka rajista, a ba su izinin da doka ta tanada, su riƙa rubuta wanda ya kawo aiki. Wanda hannunsa ya nuna baiwa ta musamman, a nema masa hanya zuwa masana'antar makamai ta DICON da ke Kaduna tun 1964, ko sashen injiniya na Jami'ar Aliko Ɗangote da ke nan Wudil, maimakon a bar shi ga mai sayen dare. Inda barazana ta kai a ce sai an sa wa al'umma makami, to ya zama a fili, a hannun mutanen da gari ya tantance, masu kaki da albashi da shugaba, makamin yana da lamba, ana karɓarsa da safe a ajiye a ofishin 'yan sanda. Katsina ta kama wannan hanya a watan Oktoba na 2023, Zamfara ta bi da Askarawa a watan Janairu na 2024. Su ma ana kuka da wasu ayyukansu, kuma dole a sa musu ido, amma aƙalla idan ɗayansu ya yi ɓarna akwai sunan da za a kira da ofishin da za a je.

Shi kuma Alhajin da ke tsoron hanya, abin da ke jawo masa ɗan fashi shi ne kuɗin da ke jikinsa da bakin da ya kai rahotonsa. Cinikin shanu ta banki ya riga ya fara zama jiki, abin da ke mayar da mutane ga tsabar kuɗi shi ne rashin tabbas na netwok a ranar kasuwa. Shugabannin kara su matsa wa bankuna da kamfanonin waya su gyara wannan, su nemi sintiri na musamman a hanyoyin da ke fita daga Wudil daga la'asar ɗin Juma'a zuwa dare, su riƙa fita a ayari, su san kowane baƙon yaro da ke shawagi a tsakanin turaku. Masu ba ɓarayi labari a cikinmu suke, kuma tona asirin guda ɗaya ya fi fistol ɗari amfani.

Ina kira ga Hakimi da dagatai, da shugaban ƙaramar hukuma, da Sarkin Kara da Sarkin Maƙera da limaman Juma'a, su zauna da baturen 'yan sandan Wudil a kan wannan magana tun tana hira, kafin ta zama gawa. Kai kuma ɗan'uwa da wani ya yi maka tayin "ƙarfe" a asirce, ka ce masa a'a, ka kuma sanar da mai unguwarku.